Ga Littafi Ga Ƙwallo: Wace Makaranta Za Ta Karɓe Mu da Duka Biyun?

Darasin ƙungiyar 'yan jarida na wannan mako na masu son wasanni ne: 'yan ƙwallon ƙafa, masu gudu, masu tsalle, 'yan ƙwallon raga, har da 'yan kokawa. Tambayar da muka ɗauko ita ce, idan mun gama sakandare, wace makaranta za mu nema wadda za mu karanta abin da muke so, kuma ba za ta kashe mana wasan da muka iya ba?

Wani zai ce, ku da kuke aji uku na ƙaramar sakandare, me ya kai ku maganar jami'a? Abin da ya kai mu shi ne, a ƙarshen wannan shekarar za mu rubuta jarrabawar BECE, daga nan sai a raba mu. Wasu ajin kimiyya, wasu ajin adabi, wasu ajin kasuwanci, wasu kuma su nemi makarantar koyon sana'a irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Zuru. Ajin da mutum ya shiga shi ne zai yanke darussan da zai rubuta a WAEC da NECO. Darussan nan kuma su ne za su yanke kwas ɗin da JAMB za ta bar shi ya nema. Ke nan zaɓen jami'a ba a aji shida yake farawa ba. A kan bencin da muke zaune yanzu yake farawa.

Mu fara da lissafi

Kusan duk yaron da ya ci ƙwallo biyu a gasar gidaje, a ransa ya riga ya sauka Ingila. Ba mu hana kowa mafarki ba, mu ma muna yi. Amma a ɗauko biro.

Babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ƙungiyoyi 20 ne ke buga ta, irin su Kano Pillars da Enyimba. A ce kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 40. 20 sau 40 ya ba mu 800. To, ƙananan hukumomin Najeriya 774 ne. Idan aka raba 'yan wasa 800 ga ƙananan hukumomi 774, kowacce mutum ɗaya za ta samu da ɗan ɓurɓushi. Masarautar Zuru ƙananan hukumomi huɗu ce: Zuru, Fakai, Sakaba da Danko-Wasagu. Rabonmu ke nan mutum huɗu. Yanzu ku ƙirga yaran da ke buga ƙwallo da yamma daga Rikoto zuwa Dabai, daga Senchi zuwa Mahuta, Ribah da Dirin Daji. A filin makarantarmu kaɗai sun fi huɗu sau goma.

A Amurka ma, inda jami'o'i ke da filaye da kayan wasa iri-iri, hukumar wasannin jami'o'insu mai suna NCAA ta ce cikin kowane ɗalibi 100 da ke yi wa makaranta wasa, ba a samun cikakkun 2 da ke zama ƙwararru masu cin abinci da wasan.

Ga lissafi na biyu. Ɗan ƙwallon da ya yi sa'a, bai karye ba, gwiwa ba ta ci amanarsa ba, yakan ajiye takalmi wajen shekara 35. Ma'aikacin gwamnati kuwa yana iya kai 60 kafin ya yi ritaya. Tsakanin 35 da 60 shekara 25 ce, kusan ninki biyu na shekarun da muka yi a duniya. A cikin shekarun nan za a ci tuwo, za a biya kuɗin makarantar yara. Da me?

Wannan ba yana nufin a jefar da ƙwallo ba. Yana nufin a zaɓi makaranta da ido biyu a buɗe.

Kai wane iri ne?

Mun lura masu son wasa a makarantarmu iri uku ne, kuma ba makaranta ɗaya ce ta dace da su ba.

Na farko shi ne wanda karatu ne babban burinsa. Yana so ya zama likita, ko injiniya, ko masanin noma, ko lauya, amma ba ya so ya daina gudu ko ƙwallo. Wannan aikinsa da sauƙi. Ya fara neman inda ake koyar da kwas ɗinsa da kyau, sannan ya duba ko akwai fili da ƙungiyar wasa. Ga Jami'ar Noma ta Tarayya a nan Zuru, wadda aka kafa a 2020. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ta 2013. Ga jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, ta 2006. Ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ta 1975, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta 1962, da Jami'ar Bayero a Kano. Kada wani ya ɗauka cewa jami'ar noma shuka da kiwo kawai aka sani a cikinta. A 2017 Jami'ar Noma ta Makurɗi ce ta karɓi baƙuncin gasar wasannin jami'o'in Najeriya gaba ɗaya.

Gasar nan sunanta NUGA, kuma tun 1966 ake yin ta, an fara a Jami'ar Ibadan. Kwalejojin kimiyya da fasaha, irin ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, tasu gasar NIPOGA ce. Kwalejojin horar da malamai, irin ta Adamu Augie da ke Argungu, tasu NICEGA ce. Sharaɗin shiga dukkansu ɗaya ne: sai kai cikakken ɗalibin makarantar ne. Komai iya tsallenka, idan ba ka da kiredit ɗin da ake buƙata, ba ka ma shiga ƙofar makarantar ba, balle a ba ka riga mai lamba.

Na biyu shi ne wanda yake so ya rayu a cikin harkar wasanni ko da ba shi ne ke buga wasan ba. A kan wannan za mu ɗan daɗe, domin yawancinmu ba mu san faɗin hanyar ba. A duk wasan da muke kallo a gidan kallo, mutum 22 ne a fili, amma ku duba gefe. Ga koci da mataimakansa. Ga alƙalin wasa da masu ɗaga tuta. Ga wanda ke rugowa da jaka idan ɗan wasa ya faɗi yana riƙe da cinya. Ga mai tsara abincin 'yan wasa, ga mai sharhi a rediyo, ga lauyan da ya rubuta yarjejeniya, ga akawun da ke biyan albashi. Duk waɗannan makaranta ce ta fitar da su, kuma babu wanda ake cewa ya tsufa a shekara 35.

Wanda yake so ya zama malamin wasanni ko koci, kwas ɗinsa shi ne ilimin motsa jiki da kiwon lafiya, babban yayan PHE ɗin da muke yi a aji. Ana iya yin sa a kwalejin horar da malamai a samu NCE cikin shekara uku, daga nan a wuce jami'a ta hanyar shiga kai tsaye ba tare da an koma ajin farko ba. Ana iya kuma yin digirinsa na shekara huɗu, kuma akwai sashensa a Zariya da Bayero. Mai wannan buri ya riƙe Bayoloji da kyau, domin kwas ɗin cike yake da ƙashi da tsoka da jini da numfashi. Ba zagaye fili da usur ba ne kawai, kamar yadda wasu ke yi wa Malam kallo. Akwai kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke babban filin wasa na Surulere a Legas, inda ake horar da kociyoyi da masu tafiyar da harkar wasanni.

Wanda yake so ya zama mai gyaran jikin 'yan wasa, wato likitan gashin ƙashi da tsoka, dole ya shiga ajin kimiyya. Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, babu wanda zai tsallake a cikinsu. Karatun yakan ɗauki shekara biyar ko fiye, kuma Jami'ar Bayero ta yi suna a kansa. Idan ka gudu daga ajin kimiyya bana saboda abokinka na ƙwallo ya tafi ajin adabi, ka rufe wannan ƙofar da hannunka. Wanda kuma yake son sharhin wasanni a rediyo ko talabijin, kamar wasunmu a wannan ƙungiya, ajin adabi ne nasa, ya gyara Hausarsa da Turancinsa, ya nemi aikin jarida.

Na uku shi ne wanda da gaske Allah ya ba shi baiwa ta daban, wanda har mutanen wasu garuruwa sun san da shi. Shi ne ya fi kowa shiga haɗari, domin shi kowa ke zugawa. Za mu dawo kansa.

Akwai wata hanya da ta dace da mutanen Zuru musamman. An san ƙasarmu da aikin soja, kusan kowane gida akwai mai kaki. To, soja da 'yan sanda da kwastan da jami'an tsaron farin kaya duk suna da ƙungiyoyin wasa da gasanninsu. Chioma Ajunwa, wadda ta ciyo wa Najeriya zinare a dogon tsalle a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 da tsallen mita 7.12, 'yar sanda ce. Makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA a Kaduna da makarantar 'yan sanda ta Wudil duk digiri suke bayarwa, kuma a can motsa jiki ba zaɓi ba ne, dole ne. Sai dai su ma da takardar jarrabawa ake shiga, ba da ƙwanji kaɗai ba.

Waɗanda suka haɗa biyun

A ƙungiyar Najeriya da ta fara cin Kofin Afirka a 1980 akwai Segun Odegbami, wanda ya karanta aikin injiniya a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan. Akwai Adokiye Amiesimaka, wanda ya karanta shari'a a Jami'ar Legas, daga baya ya zama babban lauyan gwamnatin Jihar Ribas. Wilfred Ndidi yana tsakiyar buga wa Leicester wasa a Ingila, yana karɓar albashin da ba mu iya ƙirgawa, ya shiga Jami'ar De Montfort ya karanta harkar kasuwanci.

Amma labarin da ya fi burge mu shi ne na Masai Ujiri, domin a Zariya ya tashi. Da ƙwallon ƙafa ya fara kamar kowane yaro, sai yana shekara 13, daidai shekarunmu, ya koma ƙwallon kwando. Da ya tafi Amurka, ba wata shahararriyar jami'a ya fara shiga ba. Wata ƙaramar kwaleji ce mai suna Bismarck, a jihar Dakota ta Arewa mai tsananin sanyi. Ya yi wasa na wasu shekaru a Turai, kuma bai taɓa buga ko wasa ɗaya a babbar gasar NBA ba. Da a ce iya wasa kaɗai gare shi, da labarin ya ƙare a nan. Sai ya koma farauto wa ƙungiyoyi matasan 'yan wasa, yana hawa mataki-mataki, har ya zama shugaban ƙungiyar Toronto Raptors ta ƙasar Kanada, kuma a 2019 ƙungiyar ta ci kofin NBA a ƙarƙashinsa. Mu a ganinmu wannan labarin ya fi na masu cin ƙwallo amfani a gare mu, domin kujerar da ya hau ba ta buƙatar gwiwa mai lafiya.

Ga 'yan uwanmu mata kuma, ga Tobi Amusan daga Ijebu Ode. Gudu ne ya samo mata gurbin karatu kyauta a Jami'ar Texas da ke El Paso a 2016. A watan Yuli na 2022 ta kafa tarihin duniya a tseren mita 100 na tsallake shinge, cikin daƙiƙa 12.12. Irin wannan gurbi yana da sharaɗi. Sai an ga takardun sakandarenka kafin a ɗauke ka, kuma idan makinka na aji ya faɗi ƙasa da yadda aka gindaya, a benci za ka zauna ko da ka fi barewa gudu.

Tambayoyin da za mu yi kafin mu cike fom

Da muka kai wa malamin wasanninmu wannan batu, ya ce kada mu yarda da hoton fili mai koren ciyawa da ke jikin takardar talla. Ya ce mu nemi ɗan garinmu da ke karatu a makarantar, idan ya dawo hutu, mu zaunar da shi mu tambaye shi. Ga irin tambayoyin.

Da farko, an amince da kwas ɗin? Hukumar NUC ce ke tantance kwasa-kwasan jami'o'i, NBTE na kwalejojin kimiyya da fasaha, NCCE na kwalejojin malamai. Kwas ɗin da ba a tantance ba, takardarsa ba ta kai mutum ko'ina. Littafin jagora na JAMB yana nuna kwas ɗin da kowace makaranta ke yi da darussan da ake buƙata. A jarrabawar JAMB darussa huɗu ake rubutawa, Turanci dole ne, jimlar maki 400. Kusan mutum miliyan 2 ne suka zauna mata a 2025. Wanda ya haɗa darussan da ba su dace da kwas ɗinsa ba, ko ya ci 300 ba za a ɗauke shi a kwas ɗin ba.

Sai kuma, wasan da nake yi, ana yin sa a can? Wannan tambayar kamar ta wawa ce, amma ba ta wawa ba ce. Kusan kowace makaranta tana da filin ƙwallon ƙafa. Amma mai gudun mita 400 hanyar tsere yake buƙata, mai dogon tsalle ramin yashi, mai ƙwallon kwando daɓen siminti da kwando mai lafiya. Akwai koci na dindindin, ko ɗalibai ne ke horar da kansu? Yaushe rabon makarantar da zuwa gasa? Idan an tafi, wa ke biyan kuɗin mota da abinci? Idan gasa ta faɗo ranar gwaji, ana ɗaga wa ɗan wasa ƙafa ya rubuta daga baya, ko sifiri za a ba shi? Idan mutum ya yi targaɗe ko ya karye yana yi wa makaranta wasa, wa zai yi jinyarsa? Wannan ta ƙarshen a ja mata layi biyu.

Sai maganar lokaci. Kwana ɗaya awa 24 ne ga kowa. Cire 8 na barci, domin jikin ɗan wasa a barci yake gyaruwa. Cire 6 ko 7 na aji. Cire na ibada, cin abinci, wanki da tafiya. Abin da ya rage bai fi awa huɗu ko biyar ba, kuma a cikinsu za a yi atisaye a yi bitar karatu. Wasu kwasa-kwasan, kamar likitanci mai shekara shida ko injiniyanci, suna da aikin ɗakin gwaji har yamma, daidai lokacin da ake fita fili. Ba a ce ba zai yiwu ba, amma mutum ya san abin da ya ɗauka. Taura biyu ba ta taunuwa lokaci ɗaya, sai dai a tauna ɗaya da safe ɗaya da yamma.

Sai kuɗi da nisa. Karatu a nan Zuru yana nufin tuwon gida, ba kuɗin haya, ba kuɗin mota, kuma da damina ana iya taya Baba noma. Ga ɗan wasa, cin abinci ya ƙoshi ba ƙaramin abu ba ne, domin ba a atisaye da garin kwaki tsura. Karatu a Zariya ko Kano kuma yana nufin manyan filaye, abokan karawa masu ƙarfi, da idon masu neman 'yan wasa. Jami'ar Fatakwal ta yi suna wajen lashe NUGA, amma ku duba taswira ku ga inda Fatakwal take. Kowanne da ribarsa da wahalarsa. Tun 2024 akwai asusun ba ɗalibai rancen karatu na NELFUND a makarantun gwamnati, amma sunansa rance, biya ake yi. Iyayenmu kuma za su yi tambayar tsaro, kuma suna da gaskiya, domin ba wanda ya manta abin da ya faru da ɗaliban Birnin Yauri a watan Yuni na 2021. Idan Mama ta tambayi ko makarantar tana da katanga da ɗakin kwana mai tsaro, kada mu ce ba ta waye ba.

'Yan mata suna da ƙarin tambayoyi. Akwai ƙungiyar mata a wasan, ko maza kaɗai ake saya wa riga? Akwai malama ko koci mace da ke raka su idan za a yi tafiya? Ana barin mutum ya sa suturar da shi da iyayensa suka yarda da ita? A gasar gidajenmu, 'yan mata ne ke tara wa gidaje maki da yawa a gudu, amma da an shiga babbar sakandare sai a neme su a rasa. Idan amsoshin nan suka yi kyau, zai fi sauƙi a shawo kan iyaye.

Mu dawo kan mai baiwa

Ga yadda abin yake faruwa. Yaro ya yi fice a gasar unguwanni. Sai wani mutum mai babbar waya ya zo ya ce shi wakili ne, yana da hanyar kai yara gwaji Turai ko ƙasar Larabawa, a kawo kuɗin fasfo da biza da jirgi. Ko ya ce yana da makarantar ƙwallo a wani babban birni, yaro ya bar aji ya taho. Mun san gidan da aka sayar da buhunan dawa da awaki biyu saboda irin wannan magana. Yaron ya yi wata bakwai a wani gari yana kwana a ɗaki ɗaya da yara fiye da goma, ba aji, ba gwaji, ba Turai. Da ya dawo, abokansa sun riga sun yi rajistar jarrabawa, shi kuma sai da ya maimaita aji.

Ga abin da ya kamata kowa ya sani. Dokar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 18 ba daga ƙasarsa zuwa ƙungiyar wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi kaɗan, kamar idan iyayensa ne suka yi ƙaura saboda wani dalili da ba ƙwallo ba. Saboda haka duk wanda ya ce zai kai ɗan shekara 14 ko 15 Turai ya sa hannu a ƙungiya, ko dai bai san doka ba, ko kuma ya san ba ku san ta ba. Mu da za mu gama sakandare muna 16 ko 17, babu abin da zama a aji zai rage mana. Ahmed Musa ma ba daga unguwa ya yi tsalle ya faɗa Turai ba. A Jos ya fara, ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya, ya fi kowa a gasar, sannan wata ƙungiya a ƙasar Holan ta ɗauke shi a 2010.

Ba duk makarantun ƙwallo ne na bogi ba. Akwai irin ta Jihar Kwara a Ilorin, inda ake haɗa aji da fili. Hanyar gane ta gaskiya ita ce tambaya: ina azuzuwan, ina malaman, a wace cibiya ɗalibanku ke rubuta WAEC ko NECO? A je da babba a gani da ido. Wadda ta ce karatu sai daga baya, a bar ta.

Tsanin gaskiya kuwa yana nan, ko da yake yana da tsawo. Daga gasar gidaje zuwa gasar makarantu, zuwa wakiltar shiyya, zuwa filin wasa na Haliru Abdu a Birnin Kebbi, zuwa wakiltar jiha. Akwai gasar matasa ta ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara 15, wadda aka fara a 2013. Akwai babban bikin wasanni na ƙasa da ake yi tun 1973. 'Yan kokawarmu da ke jiran Uhola su saurara: kokawa da dambe da langa duk suna cikin wasannin gargajiya da ake bai wa lambar yabo a wannan biki. Ƙarfin da ake nunawa a gaban 'yan mata da dattawa a dandali zai iya sa mutum ya ɗaga tutar Kebbi.

Abu na ƙarshe shi ne shekarun haihuwa. Za a sami mai ba ka shawara ka rage shekara biyu ko uku don ka shiga gasar yara. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, amma tun 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'ura don gane shekaru, kuma an sha sallamar yara daga sansani saboda haka. Ban da wannan, yanzu ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. Idan ranar haihuwar da ke NIN daban, ta takardar firamare daban, ta WAEC daban, ranar da gurbin karatu ya fito za a yi ta yawon ofis-ofis ana rantsuwa a kotu. Tun yanzu kowa ya duba takardunsa ya ga sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a ko'ina, har da yadda ake rubuta harufan sunan.

Malamin wasanni ya ce duk mai gudu ko tsalle ya sayi ɗan littafi mai shafi 20, ya riƙa rubuta ranar gasa, wurin da aka yi ta, da lokacin da ya yi ko nisan da ya tsallaka, malami ya sa hannu. Takardun yabo na gasar gidaje a adana su a leda tare da sakamakon jarrabawa, kada a bar wa ƙanne su yi jirgin takarda da su. Ya ce kuma 'yan aji uku da ba su yanke ajin da za su shiga ba su same shi ranar Laraba bayan an tashi, a gindin mangwaron da ke bakin fili, kowa ya zo da sakamakonsa na zangon da ya wuce.